Yadda Ake Haɗa vanilla-extract da Vite

Ɗalibai masu koyon gina shafukan intanet a Samaru sun san cewa yawancin masu buɗe shafukansu ƙananan wayoyi ne a hannunsu, data kuma da tsada. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau a tsara adon shafi tun lokacin gina manhaja, domin wayar mai karatu ta karɓi fayil ɗin CSS, wato fayil ɗin adon shafi, a shirye, ba sai ta yi wahalar ƙera shi da JavaScript ba. Wannan shi ne aikin vanilla-extract, manhajar rubuta adon shafi, idan aka haɗa ta da Vite, manhajar da ke gina shafin.

Da farko, a buɗe tashar umarni a cikin jakar aikin, a rubuta npm install @vanilla-extract/css, sannan a bi shi da npm install --save-dev @vanilla-extract/vite-plugin.

Daga nan sai a shiga fayil ɗin vite.config.ts, a shigo da vanillaExtractPlugin, a kira shi a cikin jerin plugins, wato ƙarin kayan aikin da ake haɗa wa Vite, tare da na React idan da shi ake aiki.

Wurin da ya kamata a natsu shi ne sunan fayil. Dole ne duk fayil ɗin da ke ɗauke da ado ya ƙare da .css.ts ko makamancinsa kamar .css.js, domin da irin wannan ƙarshen ne manhajar ginin take gane abin da za ta sarrafa. Idan aka rubuta style, umarnin da ake tsara ado da shi a vanilla-extract, a fayil na daban, kuskure zai fito. Haka kuma, launin da sai shafi ya buɗe ake saninsa ba ya shiga nan kai tsaye, sai ta hanyar createVar, umarnin da ke tanadar gurbin da za a cike daga baya.

A ƙarshe a gudanar da npm run build, a duba jakar dist, a tabbatar fayil ɗin CSS ya fito.