Masu a-kori-kura, a duba taya kafin a ɗora kaya

Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na kusa rasa lodin albasa a hanyar Wurno, tayar baya ta yi bindiga muna cikin gudu. Allah ya kiyaye.

Da mai faci ya cire ta, sai ya nuna min wani abu. A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lamba huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Tawa 2316 ce, wato mako na 23 na 2016. Ga zanenta raɗau kamar sabuwa, amma roba ta bushe, gefen duk ya tsattsage kamar faso. 'Yar gwanjo ce na saya, arha ta ja ni.

A zafin Sakkwato na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, tsohuwar taya ba ta jure kwalta da rana tsaka. Iska kuwa a auna ta da safe kafin mota ta motsa. Kar ku rage iskar in kun ji taya ta yi zafi. Ƙarancin iska da yawan lodi ne ke dafa taya daga ciki.

In kun ga ƙulu ya taso a gefe, zaren ciki ya tsinke, faci ba ya gyara shi. Motar kaya kuma a sa mata taya mai alamar LT ko C, wato wadda aka yi don ɗaukar kaya. Safaya ma tana tsufa a ƙarƙashin mota, a leƙa ta.