Idan Haƙori Ya Fita da Saiwarsa

Yaro ya faɗo daga babur, haƙorin gaba ya fita ɗungurungum. Don Allah kada a jefar da shi. Ɗauke shi ta farin kansa, kada yatsanka ya taɓa saiwar. A jikinta akwai ƙwayoyin halitta masu rai, su ne ke sake manne haƙori da ƙashin muƙamuƙi. Binciken likitan haƙori Jens Andreasen na ƙasar Denmak ya nuna cewa in saiwar ta bushe har minti 60, da wuya su rayu.

In ya kwashi ƙasa, ɗauraye shi da madara, ba sabulu, ba gogewa. In haƙorin dindindin ne, mayar da shi raminsa a hankali, yaron ya ciji tsumma mai tsabta. In ka kasa, tsoma shi cikin kofin madara. Ruwan famfo yana lalata ƙwayoyin. Naɗe shi a takarda kuwa, wanda wasu kan yi, shi ya fi damuna, don busar da shi yake.

Haƙorin nono ba a mayar da shi, zai iya raunata na dindindin da ke ƙarƙashi.

Sai a garzaya wurin likitan haƙori. Zai ɗaure shi da siririyar waya kimanin mako 2, ya kuma duba batun allurar tetanus.