Yadda za ka gane ko ƙaramin ofishinku na buƙatar ƙarin rauta

Duk sanda aka kira ni wani reshen ofis da ke nesa da hedikwata, maganar ɗaya ce, wai netwok na jan ƙafa, a sayo wata rauta, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutocin ofis. Kar ka fitar da ko sisi tukuna.

Fara ɗaukar laftof ka jona ta da kebul kai tsaye a bayan rautar da kuke da ita, ka gwada gudun intanet. In nan ma a hankali yake to galibi daga masu ba ku sabis ne, ko rauta goma ka jera ba abin da zai canza. In kebul lafiya lau amma ɗakin akanta ba ya samun waifai, bangon bulo ne ke tare shi, musamman waifai na zangon 5GHz da ba ya jure bango, sai ka ja kebul ɗin netwok Cat6 zuwa can (kar ya wuce mita 100) ka sa na'urar yaɗa waifai kawai. In kuma ramukan kebul na bayan rautar ne suka cika, suwic (na'urar ƙara ramukan kebul) mai rami 8 ya wadatar, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba.

Inda yara masu koyo ke faɗuwa shi ne su sayo rautar su soka kebul a ramin WAN (ramin da intanet ke shigowa daga waje) su tafi. Na taɓa tarar da ofis haka, rabin kwamfutoci na kan 192.168.0, rabi na kan 192.168.1, kowa na shiga intanet amma firinta ta ɓace wa mutum huɗu, sakatariya na ta yawo da filash daga tebur zuwa tebur har sati biyu. Rauta biyu ne kowacce ke raba nata IP, wato lambar adireshin kowace na'ura a netwok. In ka riga ka saya, shiga saitinta ka kashe DHCP (abin da ke raba IP da kansa), ka ba ta IP ɗin da ba kowa a kai cikin jerin lambobin rauta ta farkon, sannan ka jona LAN da LAN, wato ramukan da ake jona kwamfutoci, ba WAN ba. DHCP ɗaya tak a ofis, ni ba na tattaunawa a kan wannan.

Rauta ta biyu na da amfani ne in kuna da layi biyu, misali MTN da Starlink, kuna son in ɗaya ya ɗauke ɗayan ya karɓa, ko hedikwata na son VPN (rufaffiyar hanyar haɗa reshe da ita ta intanet), ko za ku raba waifan baƙi da kwamfutocin kuɗi. Nan rautar MikroTik nake sawa, in Starlink ce a mayar da rautarta bypass, wato ta miƙa intanet kawai ta bar wa MikroTik aikin rauta. Kuma a haɗa su duka kan inbata, don ɗauke wuta na sa a zargi rauta a banza.