Yadda Ake Auna Gudummawar Ayyukan Kamfani Ga Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa

Na sha ganin rahoton kamfani an jera masa tambarin muradun nan 17 gaba ɗaya, launi-launi, amma ka tambayi mai rahoton nawa aka auna, sai ya hau sosa ƙeya. Muradun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumban 2015, da wa'adin 2030, suna da ƙananan manufofi 169 a ƙarƙashinsu. A matakin waɗannan ƙananan ake awo.

Da farko, jera ayyukan da kuka yi wa abokan hulɗa a shekarar, ka ba kowanne manufa ɗaya, in ta yi yawa biyu. Rijiyar burtsatse ta tafi manufa mai lamba 6.1, wato ruwan sha mai tsafta. Sola ta tafi 7.2, makamashi mai sabuntuwa. Ni ba na yarda a wuce biyu.

Sai matakin da ya taɓa kayar da ni: awon farko, kafin a taɓa komai. Mun taɓa girka wa wani ma'ajin sanyi sola, aiki ya yi kyau, sai da aka zo rubuta rahoto muka tarar babu wanda ya rubuta yawan gas ɗin, wato man dizal, da janareta ke sha a da. Manajan ya ce "da yawa dai". Da yawa ba lamba ba ce. Tun daga nan, ranar sa hannu a kwangila nake karɓar rasiɗan gas na wata goma sha biyu. Na shekara cur, domin shan mai a watan Afrilu ba ɗaya yake da na lokacin hunturu ba. In babu rasit, a ajiye littafi kusa da janareta, mai gadi ya riƙa rubutawa ko da na wata biyu ne. Kuɗinsa bai kai na katin waya ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: lita ɗaya ta gas tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon. A ce an rage lita 1,000 a wata, ka kusa rage tan 2.7 na iskar kabon ke nan.

Haka abin yake ga ruwa. Kada ka ƙirga rijiyoyi, ƙirga gidajen da tafiyar ɗiban ruwansu, zuwa da dawowa har da layi, ta koma ƙasa da minti 30, wanda shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke amfani da shi. In ba ka tambayi matan unguwar da yaran da ake aika ba kafin a haƙa, me za ka kwatanta da shi daga baya?

Na uku, ware rabonka. Bankin da ya ba da rance, mai aikin, da ɗan kwangila, kowa zai so ya ce tan ɗin kabon da aka rage nasa ne, sai a ƙirga abu ɗaya sau uku. In zane kawai kuka yi, ku faɗi haka. Ni da kuɗi nake rabawa: kason kamfani a jimillar kuɗin aikin shi ne kasonsa a sakamako. Ka kuma tambayi kanka, da ba mu ne muka yi ba, da aikin ya tsaya? In doka ce ta tilasta wa mai aikin, to rabonku kaɗan ne.

Rubuta ɓarnar ma. Tsofaffin baturan dalma ina suka tafi?

Sauran aikin kuwa, manhajar lissafi ta Excel ta ishe ka, kada a sayar maka da manhaja mai tsada a shekarar farko. Layi ɗaya ga kowane aiki: manufa, awon farko, awon yanzu, kasonku. Kada ka haɗa tan da adadin mutane a jimilla ɗaya. Bayan shekara a koma wurin a duba ko famfon na zubar da ruwa, in ya mutu a cire shi daga lissafi.