Kurakuran da masu neman waƙoƙin gargajiya a intanet suka fi yi

A wayata akwai wata murya da WhatsApp ya raɗa wa suna AUD-20190312-WA0004. Wata tsohuwa ce take waƙar niƙa, kana jin gurzar dutse a ƙarƙashin muryarta. Wani ɗan'uwana ya turo min daga wajen Dukku, na saurara, na ji daɗi, ban tambaye shi komai ba. Yau ban san sunan baiwar Allahn nan ba, ban san ƙauyensu ba, shi ma ya manta wanda ya tura masa. Abin yana ci min rai har yanzu, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa a cikinmu masu tara waƙoƙi a nan Gombe: mu adana murya, mu bar bayaninta ya ɓata.

Gyaransa ba wuya. Ranar da waƙa ta shigo hannunka, a ranar za ka canza mata suna: wanda ya rera, garinsu, shekara, da irin waƙar, ta daka ce, ta reno, ta gaɗa ko ta noma. Sannan ka buɗe littafi ka rubuta wa ya ba ka, da wane kayan kiɗa aka yi, kalangu ne, kukuma ko ƙwarya, da kuma sha'anin da aka yi ta dominsa. Ɗalibin da zai rubuta kundi a kanta bayan shekara goma da wannan littafin zai dogara.

Kuskure na biyu shi ne yarda da duk sunan da aka liƙa wa waƙa a YouTube ko Facebook. Masu tura waƙoƙi a kasuwa sun san sunan da ke jawo mutane, shi ya sa za ka ga an manna hoton Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a kan waƙar wani makaɗin daban. Kunne ne alƙali a nan. Shata da kalangu aka san shi, Ɗan Maraya Jos da kuntigi. In ka yi shakka, kai wa dattijon da ya ji su a rediyo tun suna raye, ka ce masa, "Baba, don Allah saurara min wannan, muryar wa ce?" Sau da yawa kafin amshi ya zagayo ya faɗa maka.

Akwai kuskuren da ya shafe mu 'yan Gombe musamman. Mutum zai shiga rumbun adana waƙoƙi na intanet na wata jami'a ko na Smithsonian Folkways da ke Amurka, ya rubuta "Gombe State", bai ga komai ba, sai ya ce ai ba a taɓa ɗaukar waƙoƙinmu ba. To, jihar Gombe sai a 1996 aka cire ta daga Bauchi. Ita Bauchin kuma a 1976 ta fita daga jihar Arewa maso Gabas, kafin nan ma Lardin Bauchi ake cewa. Wanda ya ɗauki waƙa a Kumo ko Bajoga a wancan zamani da sunan lokacinsa zai rubuta ta. Don haka ka gwada tsofaffin sunayen, ka gwada sunan gari, ka gwada sunan ƙabila: Tangale, Tera, Waja, Bolewa, Fulani. Ka kuma nemi kalma sau biyu, da ƙugiya da babu, "waƙa" da "waka", domin yawancin rumbunan waje ba da ƙ da ɗ aka shigar da bayanansu ba. In sunayen kayan kiɗa ke rikita ka, ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 yana taimakawa sosai.

Kada ka ajiye komai a wuri ɗaya. Ko babban ɗakin karatu na Birtaniya, da aka kai wa na'urorinsa hari a watan Oktoba na 2023, abubuwa da yawa sun daɗe ba a iya buɗe su ta intanet, balle memorin wayarka. Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi, ɗaya a Google Drive.

Wajen rubuta baiti kuwa, na sha ganin ɗalibai suna "gyara" Hausar mawaƙiya ta koma ta littafin makaranta, ko su share kalmar Fulatanci da ta ratso cikin waƙar don ba su gane ta ba. Wannan ɓarna ce. Rubuta abin da kunnenka ya ji, inda bai ji ba ka sa alama, ka koma ka tambaya.

Waƙoƙin da mata ke yi a cikin gida, mafi yawansu ba su hau intanet ba, kuma injin niƙa yana ta cinye na dutse. In za ka je ɗauka, ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, "Inna, in kin yarda zan ɗauki muryarki, jikoki su riƙa ji." Ka faɗa mata ko za ka sa a intanet, in ta ce a'a ka bar shi a gida. Ka kashe fanka, ka ajiye wayar kusa da ita a kan tabarma, kuma kafin ta fara ka roƙe ta ta faɗi sunanta da wanda ya koya mata waƙar, ya shiga cikin ɗaukar.