Yadda Za Ka Tallafa wa Malamai Idan Aka Sauya Darussa da Jarrabawar Manyan Ajujuwan Sakandare

A watan Mayun 2025 hukumar College Board ta Amurka ta mayar da jarrabawa 28 na darussan AP (darussan matakin jami'a da ake koyarwa tun a sakandare) zuwa kwamfuta. A Ingila kuwa tun 2015 aka fara raba AS (jarrabawar shekarar farko) da A-level (jarrabawar kammala manyan ajujuwan sakandare), har ya zama ɗalibi sai ya kammala shekara biyu sannan ya zauna jarrabawar da za ta yanke masa hukunci. Hukuma ce ke yanke irin wannan shawara, amma malamin aji ne ke ɗaukar nauyinta. Idan kai ne shugaban makaranta ko na sashe, ga yadda za ka sauƙaƙa masa.

Mataki na farko: karanta takardar sauyin da kanka, ka rarrabe abin da ya canza. Abin da ake koyarwa ne, ko fasalin tambayoyi, ko yadda ake ba da maki? Kowanne da irin shirinsa. A sauyin AP na 2025, misali, jarrabawa 16 ne suka koma kwamfuta ɗungurungum, sauran 12 kuma ɗalibi na ganin tambaya a allo amma yana rubuta dogayen amsoshi a takarda. Malamin da bai san ɓangaren da darasinsa ya faɗa ba zai ɓata watanni yana shirin da ba nasa ba.

Na biyu: sanar da kowa da wuri, kuma daga baki ɗaya. Naɗa mutum guda da zai riƙa bibiyar sanarwar hukuma, don kada jita-jita ta riga gaskiya isa ɗakin malamai.

Na uku, wanda a ganina ya fi duk sauran: ba su lokaci. Takardar umarni ba ta sake tsara darasi. Malamin da ya yi shekaru yana koyar da abu ɗaya yana da tarin misalai, tsoffin tambayoyi da dabarun da ya gwada ya ga amfaninsu, sauyi kuma yakan rushe rabinsu. Ka rage masa wani aikin, ko gadin jarrabawa ko wani kwamiti, ka ware sa'o'i a cikin jadawalin mako, ba bayan tashi ba. Cewa "ku yi haƙuri ku daure" alhali ba a sauke masa komai ba, ɗora kaya ne a kan kaya.

A waɗannan sa'o'in, su zauna su duba takardu tare. A kawo samfurin tambayoyin da hukuma ta fitar da ƙa'idar makinta, a ɗauki amsa guda kowa ya ba ta maki shi kaɗai, sannan a kwatanta. Inda makinsu ya sha bamban, nan ne ba a fahimci sabuwar ƙa'idar ba, kuma gara a gano haka tun farkon zango. Malamin da shi kaɗai ke koyar da darasinsa, a haɗa shi da takwaransa na wata makaranta.

Na huɗu: kada ka manta da waɗanda ba sa shiga aji. Jami'in jarrabawa, mai kula da kwamfutoci, mai ba ɗalibai shawara da mai kula da masu buƙata ta musamman, duk sauyin ya shafe su. Idan jarrabawar ta kwamfuta ce, a yi gwaji cikakke a ɗakin da za a yi ta, da na'urorin da za a yi amfani da su, a ga ko intanet da wuraren caji za su ɗauki kowa lokaci guda.

Na biyar: shirya wa sakamakon farko tun kafin ya fito. Binciken da hukumar Ofqual, mai kula da jarrabawa a Ingila, ta wallafa a 2016 ya nuna ƙwazon ɗalibai kan ragu idan aka kawo sabuwar jarrabawa, sai ya ɗauki kusan shekara uku yana farfaɗowa. Faɗa wa malamai da iyaye wannan tun yanzu, kuma kada ka auna malami da makin shekarar farko kaɗai. Idan sakamako ya zo, ku bi shi tambaya bayan tambaya, ku fitar da sassa biyu ko uku da za a gyara a zango mai zuwa.