Yadda Ake Shirya Ƙuri'ar Jin Ra'ayi Kafin Zaɓe

Ingancin ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a yana rataye ne a kan yadda aka zaɓo waɗanda za a tambaya. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tara amsoshi sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Galibin sunayen waɗanda mujallar ta tambaya daga kundin masu tarho da masu mota ta kwaso su, wato masu hali, kuma waɗanda suka ga dama ne kawai suka mayar da amsa.

Don haka fara da alƙaluman ƙidayar jama'a. Raba ƙasar zuwa yankuna, birni da karkara, kowanne ya sami kaso daidai da yawan mutanensa. Bar kwamfuta ta zaɓi unguwanni ta hanyar ƙuri'a, haka gidaje, haka kuma baligi ɗaya a kowane gida. Nan ne masu tambaya suka fi yin ha'inci: wanda ƙuri'a ta faɗa wa ba ya nan, sai su tambayi wanda ya buɗe ƙofa. Da haka masu fita aiki suke ɓacewa daga lissafi. A koma gidan a wani lokaci dabam. Kada kuma a wuce mutum takwas zuwa goma a unguwa ɗaya, domin ra'ayin maƙwabta yakan zo ɗaya.

Mutum nawa? Idan aka tambayi 400, tazarar kuskure, wato yadda sakamakon zai iya kauce wa ainihin ra'ayin jama'a, kusan maki 5 cikin ɗari ce sama ko ƙasa. 1,000 maki 3. 2,500 maki 2. Kafin ka rage ta da rabi sai ka ninka adadin sau huɗu. Ratar da ke tsakanin 'yan takara biyu kuwa, kuskurenta ya kusa ninki biyu, saboda haka kashi 48 da kashi 45 cikin ɗari a ƙuri'ar mutum 1,000 kunnen doki ne.

Riƙa sauya jerin sunayen 'yan takara, ka bar gurbin "ban yanke shawara ba", ka kuma tambayi ko mutum ya yi rajista, ko ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen baya.

Bayan tattara amsoshi, daidaita nauyinsu da ƙidaya, wato kowane rukuni ya sami kaso daidai da yawansa a cikin jama'a: jinsi, shekaru, yanki da ilimi. Kada ka manta da ilimi. A zaɓen Amurka na 2016 ƙuri'un jin ra'ayi na jihohi da dama ba su yi hakan ba, masu digiri suka yi yawa a cikin masu amsawa, aka raina goyon bayan Trump.